Yadda tauraron ɗan Adam zai taimaka wa jirage sauka a Kano lokacin hazo

Duk shekara, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan lulluɓe Kano da kewayenta. Manoman rani a Madobi, Kura da Bunkure suna maraba da sanyin hunturu domin shi alkama ke so, amma a filin jirgin saman Malam Aminu Kano lokacin damuwa ne. Idan ƙura ta yi kauri akan jinkirta tashin jirage, a soke wasu, wani jirgin ma ya iso sararin Kano ya kasa sauka ya juya da fasinjojinsa.

Akwai fasahar da ake sa ran za ta rage wannan matsala, ana kiranta SBAS. Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, tushenta ita ce GPS ɗin da ke cikin wayar hannu, kuma tauraron Najeriya ne ya fara watsa siginarta ta gwaji a wannan yanki na Afirka.

Me ya sa GPS kaɗai bai isa ba?

Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Waya na karɓar sigina daga aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa tsawon lokacin da kowace sigina ta ɗauka kafin ta iso, sannan ta gano inda take. A fili mara gine-gine, kuskuren waya kan kai kusan mita biyar. Wannan ba komai ba ne ga mai neman hanya a Google Maps, amma ga jirgin da ke gangarowa titin sauka cikin ƙura, mita kaɗan a sama ko a ƙasa magana ce ta rai.

Kuskuren yana fitowa daga wurare uku: agogon tauraron kan ɗan kauce, tauraron kan ɗan goce daga hanyar da aka lissafa masa, sannan siginar kan yi jinkiri idan ta ratsa wani sashe na sararin sama mai ɗauke da cajin lantarki. Babbar matsalar kuma ita ce, idan tauraro ya fara ba da bayanin da ba daidai ba, GPS ba ya gaggauta sanar da matuƙi.

Yadda SBAS ke aiki

Ana kafa tashoshi a ƙasa a wuraren da aka auna matsayinsu daidai. Kowace tasha tana kwatanta inda GPS ya ce take da inda take a zahiri, bambancin shi ne kuskuren. Daga nan babbar cibiya ta tattara bayanan, ta lissafa gyara, ta aika wa wani tauraro da ke nisan kusan kilomita 36,000, wanda ke tsaye a saitin wuri guda. Shi kuma ya watsa gyaran ga na'urar jirgi a kan zangon da GPS ke amfani da shi. Da haka kuskuren kan ragu zuwa kimanin mita ɗaya ko biyu, kuma idan sigina ta lalace, ƙa'ida ita ce gargaɗi ya isa ga matuƙi cikin daƙiƙa shida.

Hanyar da aka saba da ita ita ce ILS, wato na'urorin rediyo da ake girkewa a bakin titin jirgi. Suna aiki da kyau, amma suna da tsada, suna buƙatar wutar lantarki da gwaji a kai a kai, kuma kowane saiti ɓangare ɗaya na titi yake yi wa aiki. Da SBAS kuwa, sigina ɗaya za ta iya yi wa filaye da yawa aiki ba tare da an girke irin waɗannan na'urori a kowanne ba. Mafi ingancin tsarin yana barin jirgi ya gangaro har ƙafa 200, kimanin mita 60, kafin matuƙi ya yanke shawarar sauka, daidai da matakin farko na ILS.

Amurka ta ƙaddamar da nata mai suna WAAS a 2003. Turai ta buɗe EGNOS ga jiragen sama a 2011. Indiya tana da GAGAN, Japan kuma MSAS.

Inda Najeriya ta tsaya

A watan Disambar 2011 aka harba tauraron NigComSat-1R daga Xichang a ƙasar Sin, kuma cikin kayan da ya ɗauka har da na'urar watsa irin wannan sigina. A Satumbar 2020, hukumar ASECNA mai hedikwata a Dakar, wadda ke kula da sararin samaniyar ƙasashe da dama ciki har da Nijar, ta fara watsa siginar gwaji ta wannan tauraro, tare da kamfanonin NIGCOMSAT da Thales Alenia Space. An gwada saukar jirgi da ita a Lome a Janairun 2021, sannan a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja a Fabrairun 2023, tare da hukumar NAMA.

Sai dai gwaji daban, jigilar fasinjoji daban. Kafin jirgin haya ya sauka a Kano, Katsina ko Sakkwato da wannan fasaha, sai an tantance siginar, NAMA ta zana wa kowane titi hanyar gangarowa, hukumar NCAA ta amince, kamfanonin jirage su saka na'urorin da suka dace su kuma horar da matuƙa. Akwai ƙalubalen yanayi ma: a yankinmu na tsakiyar duniya, wancan sashe na sararin sama yakan rikice bayan faɗuwar rana, sigina ta riƙa rawa, don haka lissafin da ya yi wa Turai aiki ba zai wadatar a nan ba. Shi kansa NigComSat-1R an ƙera shi ne ya yi shekara 15, wato zuwa ƙarshen 2026, saboda haka ɗorewar aikin ta dogara da samun magajinsa.

Ya kamata a sani kuma, SBAS ba ta kore hazo. Idan jirgi ya sauko ƙafa 200 matuƙi bai hango titi ko fitilunsa ba, dole ya sake ɗagawa. Waɗanda za su fi amfana su ne ƙananan filayen da ba su da ILS, da ɓangaren titin da ba a girka masa ba.

Ina ruwan manomin Madobi?

Siginar SBAS a buɗe take, ba a biyan ko sisi, duk na'urar da ta dace za ta iya kama ta. A Turai manoma suna amfani da EGNOS wajen tuƙa tarakta a miƙe, don kada a maimaita feshi ko taki a layi ɗaya. A yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda gonaki ƙanana ne kuma a jere suke da juna, kuskuren mita biyar zai iya canza lissafin faɗin gona, da yawan taki ko kuɗin hayar da za a biya a kanta. Matasan da ke auna gonaki da manhajar waya su lura da wannan.

Mai wayar Android zai iya sauke manhajar GPSTest ya fita fili ya ga taurarin da wayarsa ke kamawa da kuma kiyasin kuskurenta. Ba kowace waya ce ke aiki da gyaran SBAS ba, ko da ta hango tauraron. Don haka idan maganar iyakar gona ce ko ciniki, awon waya kiyasi ne kawai, a nemi mai awon ƙasa da na'urarsa.