Kafin ka ƙara wa laftof ɗinka RAM, ka san irin wadda take ci

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda wanda yana daji da dabbobi ko yana kan hanyar kasuwa lokacin da muke magana.

Ko kai ne ke rubuta lissafin buhunan da ka tsallaka da su, ko ɗanka ne ke riƙe wa ƙungiyarku ta makiyaya sunayen shanun da aka yi wa rigakafi, idan laftof ta fara nauyi, shawarar farko da za ka ji ita ce: "A ƙara mata RAM." Sau da yawa shawarar daidai ce. Amma fa ba kowace RAM ce ke shiga kowace kwamfuta ba. Wanda ya saya a Kano, sai da ya koma Maraɗi ko Damagaram ya ga ba ta dace ba, kuɗin motar mayar da ita ma ya fi kuɗinta.

Mece ce RAM ɗin? Ka ɗauka faifan ajiyar kwamfuta shi ne sitonka, RAM kuwa ita ce tabarmar da kake baza kaya a kai ranar kasuwa. In tabarma ƙarama ce, sai ka yi ta kai da kawowa zuwa sito. Wannan zirga-zirgar ita ce nauyin da kake gani.

Abu na farko, ka san zuriyarta. Akwai DDR3, da DDR4, da DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, domin tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba a wuri guda take ba. Ta laftof DDR3 haƙora 204 gare ta, DDR4 260, DDR5 262. Ta kwamfutar tebur kuwa doguwa ce, ba ta ma shiga. In ta ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi, za ka karya gurbin. Kuma kada kama ta ruɗe ka: HP EliteBook 840 G2 tana cin DDR3L, amma 840 G3 DDR4 take ci, alhali a ido kamar tagwaye suke.

Na biyu, wannan harafi L. A nan mutane suka fi faɗawa. DDR3 zalla tana aiki da wuta bolt 1.5, DDR3L kuwa 1.35. Haƙoransu iri ɗaya ne, za ta shiga lafiya lau, amma kwamfutar da aka ƙera don DDR3L tana iya ƙin tashi. Duba 'yar takardar da ke manne a jikin RAM ɗin: PC3 na nufin DDR3, PC3L na nufin DDR3L, PC4 kuma DDR4.

Na uku, akwai gurbi kuwa? In Windows 10 ko 11 gare ka, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, sannan Memory. In da Faransanci take, Performances ne da Mémoire. Nan za ka ga yawan RAM ɗin, da saurinta, da gurabe nawa ke cike. Wasu siraran kwamfutoci, har da MacBook Air, an like tasu da dalma a jikin allo, ba a cirewa ba a ƙarawa. Kowace kwamfuta kuma tana da iyakar da take ɗauka, wata giga 8, wata 16, wata 32. Lambar samfurin da ke ƙarƙashinta ita za ka nema a intanet ka gani.

Na huɗu, sauri. In ka haɗa mai 3200 da mai 2400, duka biyun za su yi tafiyar 2400. Makiyayi ya san wannan: garke ba ya wuce saurin gurguwar cikinsa. To kada ka biya kuɗin saurin da ba za ka mora ba. Haka nan, in Windows ɗinka 32-bit ce, ba za ta yi amfani da fiye da giga 4 ba, ko ka zuba mata 16.

Ga aikin lissafi da WhatsApp da intanet, giga 8 ta wadatar. In kuwa kwamfutar tana da tsohon faifai mai juyawa, ka tambayi mai gyara batun SSD, don wani lokaci nauyin daga can yake.

Ranar saye, ka tafi da laftof ɗin kanta. In ba hali, ɗauki hoton takardar tsohuwar RAM da lambar samfuri a wayarka. A kashe ta, a cire caja da batir kafin a taɓa cikinta. A sa, a kunna a gabanka, ka ga sabon adadi ya fito da idonka, sannan ka ƙirga kuɗi, naira ce ko sefa. Ka kuma yi magana da mai shago tun kafin ciniki ya faɗa: in ta ba da matsala, zai canza?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya kuma tsare dukiya.