Kwana Ɗaya A Kan Dutsen Chappal Waddi

A can kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin Jihar Taraba, akwai wani dutse da ake kira Chappal Waddi, waɗansu kuwa su ce Gangirwal. Bisansa mita 2,419 ne daga bakin teku, watau kimanin ƙafa 7,900, kuma babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk faɗin Nijeriya. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991 bayan ta haɗe gandayen Gashaka da Gumti. Faɗin wannan gandu ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne kuma mafi girma a ƙasar nan.

Ɗalibai da ma'aikata masu ɗan hutu sukan yi sha'awar hawansa. Daga Jalingo ake bi ta Bali zuwa Serti, inda hedkwatar gandun take. A nan ake neman izini, a kuma sami ma'aikatan gandu masu rakiya, domin ba a shiga dajin babu su. Masu son gajerta tafiyar ƙasa sukan hau tudun Mambila zuwa Nguroje, su ɗauki babur zuwa ƙauyukan gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa, kowa da jakarsa a goye. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Maris, saboda da damina rafuka sukan cika, hanya ta yi santsi.

To, amma fa hawan ba shi ne babban aiki ba. Duk saurayi mai lafiya zai iya shi idan ya bi a hankali. Abin da ke kayar da mutane shi ne daren da za a kwana a bisa.

Dalili kuwa a fili yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Tsakanin kwarurrukan gandun da ƙololuwar dutsen akwai tazarar mita 2,000 ko fiye, saboda haka wanda ya bar ƙasa yana gumi zai tarar da sanyin da ya fi na can da digiri 12 ko 13, tun ba a yi zancen iskar hunturu ba. Ga shi kuma a wannan yanki duhu ba ya jira. Da rana ta faɗi, kafin a idar da sallar Magariba sai tocila. Wanda bai kafa tantinsa da sauran rana ba, zai kafa shi da lalube.

Babban abokin gaba a nan shi ne rigar auduga da ta jiƙe da gumin hawa. Ba ta bushewa da wuri, kuma ita ke zuƙe ɗumin jiki. Lalle ne a tuɓe ta da zarar an sauke kaya, a sa busasshiya, a ɗora rigar sanyu da hula mai rufe kunne. Ƙasa ma tana jan ɗumi fiye da yadda ake zato, shi ya sa shimfiɗa mai kauri take da amfani daidai da bargo. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 mutum ya shiga haɗari: zai yi ta makyarkyata, magana ta riƙa sarƙe masa, ya riƙa tuntuɓe. Abin tsoro shi ne sau da yawa shi kansa ba ya gane halin da yake ciki, sai dai abokan tafiya su lura, su canja masa tufafi, su lulluɓe shi, su ba shi shayi mai zafi da sukari.

Wurin kwana ma sai an zaɓa. Kan tsauni iska ce ke kaɗawa, ƙasan kwari kuwa can sanyi da raɓa suke taruwa da dare. Gangare mai ɗan kariya, nesa kaɗan da rafi, ya fi.

Batun abinci akwai abin mamaki. A wannan bisa ruwa yakan tafasa a kan digiri 92 maimakon 100, don haka wake da shinkafa sukan daɗe ba su nuna ba, itace ya ƙare ana jira. Gari da ƙuliƙuli, da kilishi, da dabino, sun fi sauƙi. Ruwan rafi kuwa, ko da ya yi garau, shanun makiyaya na sha daga gare shi, sai a bar shi yana tafasa minti 3 kafin a sha. Kowace lita kilo ɗaya ce a baya, kuma ba a so kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 60 ke nan ya tsaya a kilo 12.

Sai maganar wuta, wadda ta wuce lafiyar matafiyi shi kaɗai. Da rani ciyawar kan dutsen ƙamas take, gaushi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Ita kuwa gobara ba ta tsayawa a ciyawa, takan ci bakin kurmin da ke cikin kwazazzabai. Waɗannan kurmuka su ne ke riƙe ruwan da ke gangarawa cikin kogin Taraba har ya faɗa Binuwai, kuma dazuzzukan gandun su ne mazaunin birin nan mai kama da mutum, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga. A share ciyawa kafin a hura wuta, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta.

Da asuba ake tashi a ƙarasa ƙololuwa. In an yi sa'a gari ya washe, za a hangi tsaunukan Kamaru jere. In kuwa hazo ya sauko, a tsaya kusa da mai rakiya, domin babu shinge a kan iyakar, kuma ba a dogara da wayar hannu a can. Gwangwani da leda da aka hau da su, da su ake saukowa.