Sautin da Ya Faɗa Tsakanin Maɓallai Biyu: Yadda Ake Raɗa wa Tsanin Kiɗa Suna

Hutun da ya wuce na je gida Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe. Wani dare ana biki a unguwarmu, ƙanena ya koma gefe da wayarsa, ya buɗe manhajar fiyano yana ƙoƙarin bin wani dattijo mai goge. Sauti huɗu sun zauna masa daidai, na biyar ya ƙi. In ya danna wannan maɓalli sai ya ji ya yi ƙasa, in ya danna na kusa da shi sai ya ji ya zarce. Can ya juyo ya ce mini, "Yaya, anya gogen tsohon nan ya ɗauru da kyau kuwa?"

Gogen lafiyarsa ƙalau. Fiyanon ne ba shi da maɓallin wannan sauti. Goge tsirkiya ɗaya gare shi ta izgar doki, kuma babu wani ƙarfe a jikinsa da ya ƙayyade inda yatsa zai tsaya, don haka mai goge yana iya fitar da duk sautin da kunnensa ya yarda da shi. To, idan kai mai karatu kana son ka gaya wa wani a Kano ko a Masar irin jerin sautukan da dattijon nan yake bi, da wane suna za ka kira shi? Masana kiɗa a duniya sun bi hanyoyi uku wajen amsa wannan tambaya, kuma kowace hanya tana da abin da take kamawa da abin da ke kuɓuce mata.

Zango, tsani da mataki

Bari mu fara daidaita kalmomi. Sauti kaɗawa ce. Idan tsirkiya tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa guda, wata kuma sau 440, kunnenka zai ji kamar sauti ɗaya ne, sai dai na biyu ya fi tashi sama. Shi ya sa magidanci da ƙaramin yaro suke iya rera waƙa ɗaya tare ba tare da wani ya ce sun saɓa ba. Wannan tazara ta ninki biyu ita za mu kira zango.

Fiyano ya raba zango gida 12 daidai wa daida. A shekarar 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da ma'aunin da ake kira sent: zango ɗaya sent 1200 ne, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi sent 100 kenan. Waƙa ba ta cika amfani da duka 12 ɗin ba. Takan zaɓi biyar ko bakwai ta riƙa hawa da sauka a kansu. Wannan zaɓi shi ne tsani, tazarar da ke tsakanin sauti da mai bi masa kuma mataki. Duk kiɗan da matakansa ba su zauna a kan waɗannan gidaje 12 ba, shi masana ke kira maikrotonal, mu ce kiɗan sautukan tsakani.

Ka sani fa, rabon na 12 ma sulhu aka yi. Tsirkiya mai kaɗawa 220 da mai 330 tazararsu sent 702 ce, fiyano yana ba ka 700. Tsakanin 220 da 275 kuwa sent 386 ne, fiyano yana ba ka 400. An rage nan an ƙara can don a samu maɓallai masu tazara iri ɗaya.

Hanya ta farko: sunan gari ko na al'umma

Idan kana sauraren mawaƙan Larabawa irin su Ummu Kulsum, ko kana jin ɗaliban ƙira'a suna maganar muryar manyan makarantan Masar irin su Abdulbasiɗ Abdussamad, ka taɓa jin kalmomin Bayati, Rast, Hijaz, Saba, Nahawand, Sika da Ajam. Waɗannan sunayen maƙamai ne. Hijaz yankin Makka da Madina ne. Nahawand gari ne a Iran. Ajam kuwa tushensa ɗaya da kalmar ajami da muke rubutu da ita, ma'ana abin da ba na Larabawa ba. Wasu sunayen kuma ƙirga ce da harshen Farisa: Duka matsayi na biyu, Sika na uku, Jaharka na huɗu.

Da yawa daga cikin maƙaman nan ba sa zama a kan fiyano na yau da kullum. Ɗauki Rast. A rubuce matakansa su ne 200, 150, 150, 200, 200, 150, 150. Ka ga 150 ɗin nan? Tsakiyar maɓallai biyu ta faɗa, kamar dai sautin dattijonmu. Saboda haka a ƙarni na 19 wani masani daga ƙasar Sham, Mikha'il Mishaƙa, ya bayyana tsarin raba zango gida 24, kowane gida sent 50. A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taro a Alƙahira kan kiɗan Larabawa, aka tafka muhawara a kan wannan rabo, ba a kuma tashi da baki ɗaya ba. Dalili kuwa, makaɗa ba sa ajiye sautin a tsakiya cif. Sautin Sika na makaɗan Halab ya fi na makaɗan Alƙahira ɗan tashi sama, alhali sunan ɗaya ne.

Alfanun irin wannan suna shi ne yana ɗauke da tarihi da yanayi. Wanda ya saba, da ya ji an ce Saba ya san muryar juyayi ake nufi. Illarsa ita ce wanda bai taɓa ji da kunnensa ba, sunan ba zai gaya masa girman mataki ko ɗaya ba. Har ruɗani yakan shigo: Turawa sun ari sunayen Doriyan, Firijiyan da Lidiyan daga tsoffin Girkawa, amma sai suka liƙa su a kan tsanukan da ba su ne Girkawan suke nufi ba, kuma haka abin ya zauna har yau.

Hanya ta biyu: suna mai ɓoye lamba

A kudancin Indiya an tsara uwayen tsanuka 72, ana kiran su melakarta, tsarin da ake danganta tushensa ga Venkatamakhin a ƙarni na 17. Dabarar da aka yi daga baya za ta burge duk wanda ya yi karatun zaure. Kowane baƙi yana da lambarsa, sai a gina sunan yadda gaɓoɓi biyu na farko za su ba ka lambar tsanin idan ka karanta su daga baya. Misali Mayamalavagowla: ma 5 ne, ya 1 ne, ka juya ka samu 15, shi ne tsani na 15. Dhirasankarabharanam: dha 9, ra 2, ka juya ka samu 29. Daga lambar kuma mai ilimin zai iya lissafo sautukan da ke ciki. Tsani na 29 ɗin nan, a tsarin matakansa, shi ne wanda fararen maɓallan fiyano ke bayarwa.

Ai ka ga kamarsa da ramzi, yadda malamanmu na Sakkwato da Gwandu suke saka shekarar da suka gama waƙa a cikin wasu haruffa a baitocin ƙarshe. Suna ne a baki, lissafi ne a ciki.

Hanya ta uku: ƙirga manya da ƙanana

Wannan ita ce hanyar da masu nazarin sautukan tsakani na zamani suka fi bi, kuma wanda ya karanta aruli zai gane ta nan take. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya dubi waƙoƙin Larabawa a ƙarni na 8, ya ga cewa kowane kari jeri ne na gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, ya ba kowane jeri suna: Ɗawil, Basiɗ, Kamil, Wafir. Haka ake yi wa tsani, sai dai a maimakon gaɓa ana duban mataki, babba ne ko ƙarami.

Bi fararen maɓallan fiyano: 200, 200, 100, 200, 200, 200, 100. Manya biyar, ƙanana biyu. Da Turanci 5L 2s ake rubutawa, mu sai mu ce 5B 2Ƙ. Bi baƙaƙen maɓallan kuma, su biyar ne a kowane zango: 200, 200, 300, 200, 300. Manya biyu, ƙanana uku, wato 2B 3Ƙ. Tsani mai sauti biyar irin wannan shi ne mafi kusa da abin da kake ji a yawancin waƙoƙin Hausa, shi ya sa yaro mai koyon fiyano yake saurin tsinto raujin waƙar gargajiya a kan baƙaƙen maɓallai.

Erv Wilson, wani masani da aka haifa a Meziko ya yi rayuwarsa a Amurka, shi ya fito da ka'idar wannan rukuni a 1975: tsanin da matakansa girma biyu ne kawai, kuma an rarraba su a tsakanin juna daidai gwargwado, ba a tara manya wuri ɗaya ba. Daɗin sunan shi ne bai damu da yawan gidajen da ka raba zango ba. A rabon 12, babban mataki gida 2 ne, ƙarami 1. A rabon 19, babba 3 ƙarami 2: biyar sau uku 15, a ƙara 4, an samu 19. A rabon 31, babba 5 ƙarami 3. Duk 5B 2Ƙ ne, fasali ɗaya, kamar riga ɗaya da aka ɗinka wa mutane masu tsawo daban-daban.

Idan ka juya lissafin, manya su zama biyu ƙanana biyar, ka samu 2B 5Ƙ, wanda ake kira kishiyar na farko. Shahararren tsarin da ke haifar da shi sunansa mavila, kuma sunan wani ƙauye ne na mutanen Chopi a Mozambik, waɗanda Wilson ya yi nazarin ɗaurin kayan kiɗansu na katako mai suna timbila. Ka ga ko masu lissafin ma sun koma ga sunan gari da suka zo neman abin da baki zai iya riƙewa.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Rast manya uku ne da ƙanana huɗu, jerinsa B Ƙ Ƙ B B Ƙ Ƙ. Amma 3B 4Ƙ na ka'idar Wilson jerinsa B Ƙ B Ƙ B Ƙ Ƙ ne. Adadi ɗaya, jeri daban, kuma kunne yana jin bambancin. Hijaz kuwa matakansa girma uku ne, 100 da 200 da 300, don haka haruffa biyu ba za su ishe shi ba.

To mu fa?

Bahaushe ya raɗa wa kiɗa sunaye masu yawa, amma ta wata fuska ya dube shi: na wane ne, kuma don me ake yin sa. Akwai kiɗan noma, kiɗan farauta, kiɗan maƙera, kiɗan dambe. Kalangu na mahauta ne, taushi da kotso na fada, tambari na sarki. Ɗan dambe yana da takensa, da ya ji an kaɗa shi ya san da shi ake. A cikin waƙa kuma akwai gindi, akwai ɗiya, akwai amshi. Kundin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 ya cika da irin waɗannan sunaye: kayan kiɗa, rukunin makaɗa, iyayen gidansu, da bukukuwan da ake kiɗa a cikinsu. Girman mataki kuwa a kunne da yatsa ake gadonsa, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaronsa.

Wannan gado ya yi aiki shekara da shekaru, amma yanzu akwai abin da ya shigo tsakani. Yawancin waƙoƙin da ake bugawa a situdiyo da fiyano ake haɗa su, sannan a bi muryar mawaƙi da manhaja irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Idan ba a canza mata saiti ba, aikinta shi ne ta ja kowane sauti zuwa maɓalli mafi kusa. Ga misali don ka ga abin da hakan ke yi. A ce wani makaɗi yana bin tsani mai matakai biyar masu girma ɗaya, sent 240 kowanne, irin wanda ake samun makamancinsa a Buganda ta Yuganda da tsibirin Jawa na Indonesiya. Sautukansa suna kan 240, 480, 720 da 960. Manhajar za ta mai da su 200, 500, 700 da 1000. Matakan sun koma 200, 300, 200, 300, 200. Tsanin da ya shiga da matakai iri ɗaya ya fito a matsayin 2B 3Ƙ, kuma mai haɗa kiɗan zai ɗauka gyara ya yi.

Larabawa sun tsira daga wannan saboda suna da suna da lamba. Tun da akwai abin da ake kira Sika, kuma an san wajen sent nawa yake, kamfanoni irin Yamaha da Korg suna ƙera fiyano mai maɓallan sauke sauti da sent 50 don kasuwarsu. Abin da aka raɗa wa suna aka auna, ana iya neman a ƙera masa wuri.

Kai ma kana iya fara wannan aiki da wayar hannunka. Sauke manhajar daidaita kayan kiɗa, irin wadda ke nuna maɓalli mafi kusa da kuma sent nawa sautin ya ɗara ko ya gaza. Nemi izinin mai goge, mai kukuma ko mai sarewa na garinku, ka roƙe shi ya ja kowane sauti shi kaɗai ya ɗan daɗe a kai. Maimaita kamar sau uku ko huɗu, domin yatsa ba inji ba ne, sai ka ɗauki matsakaici. Rubuta matakan da sent, ka jera su da B da Ƙ, ka sa sunan garin da ranar.

Kafin ka tashi kuma ka tambaye shi, "Baba, wannan kiɗan me kuke ce masa, kuma wa ya koya maka?" Amsar da ya ba ka ita za ka rubuta a saman takardar, lambobin su biyo a ƙasa.