Janani Luwum: Makiyayin da Bai Nemi Kujera Ba

A cikin Markus sura 10, Yakubu da Yohanna sun roƙi Ubangijinmu manyan kujeru biyu, ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa. Yesu kuwa ya nuna musu cewa girma a wurinsa hidima ne da shan wuya. Akwai wani bawan Allah a ƙasar Yuganda wanda ya riƙe wannan koyarwa har mutuwa.

Janani Luwum malamin makaranta ne. Ya karɓi Almasihu a 1948, a 1974 kuma aka naɗa shi Babban Bishof na Ekklesiyar Angilika. A lokacin nan Idi Amin ke mulki, mutane suna ɓacewa ba labari. Luwum bai tara sojoji ba, bai kuma gudu ba. Ya riƙa zuwa ofishin shugaban da ƙafarsa yana roƙo domin waɗanda aka kama. Waɗansu ma suka zarge shi da kusantar azzalumi, ya haƙura.

A watan Fabrairu 1977 sojoji suka kutsa gidansa da dare, wai neman makamai. Sai shi da sauran bishof-bishof suka rubuta wa Amin takarda a fili, suka ce an juya bindigar gwamnati a kan talakawa. Ran 16 ga watan aka kama shi tare da ministoci biyu. Kashegari aka sanar wai sun mutu a hatsarin mota, amma da aka kai gawarsa ƙauyensu, Mucwini, sai aka ga raunukan harsashi.

Amin ya tsere daga ƙasar a 1979, ya mutu a Saudiyya a 2003. Luwum fa? A 1998 aka kafa siffarsa cikin shahidai a majami'ar Westminster ta Landan, Yuganda kuma ta mai da 16 ga Fabrairu ranar hutu domin tunawa da shi.

Ya ku 'yan'uwa, riƙon muƙami ba zunubi ba ne, gama Yusufu da Daniyel sun yi aiki a fadar sarakuna. Hatsarin shi ne mu sa begenmu ga kujera, har mu yarda da ƙarya ko ramuwa domin mu same ta. Tawali'u kuma ba tsoro ba ne. Mai tawali'u yakan faɗa wa mai iko gaskiya, hannunsa ba takobi.

Iyaye, me 'ya'yanmu suke ji a bakinmu lokacin zaɓe? Zagin abokan hamayya, ko addu'a dominsu? Bari mu koya musu hanyar gicciye tun a gida.