Waɗanda jirgin Marsai ya tafi da su

A shekara ta 1897, hukumar mulkin mallaka ta Senegal ta fara aika masu taɓin hankali zuwa gidan Saint-Pierre da ke birnin Marsai, a ƙasar Faransa. A wannan zamani babu gidan jinyar irin wannan ciwo ko ɗaya a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Wanda ya gagari danginsa, sai a tsare shi, daga nan a sa shi jirgin ruwa.

Daga 1897 zuwa 1914, mutum 144, maza da mata, suka ƙetare teku ta haka. Can suka tarar da sanyin da ba su sani ba, da cimar da ba su saba ba, da likitocin da ba su jin harshensu. Tarin fuka ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Kaɗan ne suka sake ganin gida. Sauran, sai sunayensu a rajista.

Sai bayan da likita Henri Collomb ya kama aiki a asibitin Fann na Dakar, a 1959, aka juya akala: majinyaci ya kwanta tare da ɗan'uwansa mai jinya, kuma a zauna taro a saurari bakinsa.

Wannan labari ya shafi duk gidan da ya kai nasa Pavillon E a Yamai. Magani aikin likita ne, ziyara kuwa haƙƙin dangi ce. Wanda aka daina zuwa dubawa, ko a Yamai yake kwance, tamkar an kai shi Marsai ne.