Yadda ake koya wa yara tarihin kawar da wariya a makarantun Amurka

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, doka a jihohi 17 na Amurka ta wajabta raba 'ya'yan baƙar fata da na farar fata a makaranta. Madogarar jihohin ita ce hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson, wanda ya halatta rabuwa muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. A aikace ba haka abin yake ba: makarantun baƙar fata su ne masu cunkoso, su ne kuma ke gadon tsofaffin littattafan da na farar fata suka gama da su. Ranar 17 ga Mayu 1954 alƙalai tara na kotun suka haɗu a kan baki ɗaya, a shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, cewa rabuwar ta saɓa wa tsarin mulki. Thurgood Marshall, lauyan da ya jagoranci masu ƙara, shi ne baƙar fata na farko da ya zama alƙalin wannan kotu a 1967.

Yaro ɗan shekara bakwai ba ya gane shari'a, amma yana gane labarin tsaransa. Shi ya sa malaman firamare kan fara da Linda Brown, yarinyar da ke cikin shari'ar Brown, wadda sai ta ratsa ta filin jiragen ƙasa kafin ta hau motar da za ta kai ta makarantar baƙar fata, alhali ga wata makarantar kusa da gidansu an hana ta shiga.

Labarin da ya fi shiga zukatan yara shi ne na Ruby Bridges. Tana da shekara shida, ranar 14 ga Nuwamba 1960, jami'an tsaron tarayya huɗu suka raka ta makarantar farar fata ta William Frantz da ke New Orleans, jama'a na ta yi mata ihu a bakin ƙofa. Iyayen farar fata suka kwashe 'ya'yansu. Malama ɗaya, Barbara Henry, ta yarda ta koyar da ita, kuma shekara guda suka yi su biyu rak a aji. Abincin gida kaɗai Ruby ke ci, domin wata mata ta yi barazanar sa mata guba. Mahaifinta ma sai da ya rasa aikinsa. Malamai kan nuna zanen wannan lamari da Norman Rockwell ya fitar a 1964: yarinya cikin farar riga riƙe da littafi da rula, ga jan tumatir da aka jefa ya fashe a bango. Sai a tambayi ɗalibai me suka gani, wa ya taimaka, wa ya yi shiru.

Manyan ɗalibai kan ci gaba zuwa labarin birnin Little Rock, inda a 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya tare wa ɗalibai tara baƙar fata hanyar shiga makarantar farar fata, har sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji. A nan suke fahimtar cewa hukuncin kotu daban, aiwatar da shi daban.

Akwai kuma hanyar da ake gargaɗi a kanta. A 1968 wata malama a jihar Iowa, Jane Elliott, ta raba ajinta bisa launin ido, ta fifita wani rukuni a kan wani don su ɗanɗana zafin wariya. Gwajin ya yi suna, amma masana tarbiyya da dama na ganin bai kamata a wulaƙanta yaro da sunan darasi ba.

Darasin kan ƙare da halin da ake ciki yau. Wani kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidaje na unguwa yake fitowa, don haka unguwar masu hali ta fi samun kayan aiki. Ɗalibai kan kwatanta makarantu biyu ta fuskar yawan yara a aji, ɗakin karatu da ƙwarewar malamai, su tattauna abin da ya rage kafin a ce an yi wa kowa adalci.