Dala 900 Daga Ramin Dutse

Mai karatu, a ce kana zaune a ƙofar gidanka a Funtuwa cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma masarar gona ba ta nuna ba. Tiya biyu ta rage maka. Sai aka zo aka ce gobara ta cinye gidan attajirin da ya fi kowa dukiya a garin. Me za ka yi? Yawancinmu za mu ce Allah Ya mayar da alheri, mu gyara zama. Wa zai ga laifinmu? To, akwai wasu mata da aka kawo wa irin wannan labari, kuma ba su gyara zama ba.

Ranar 29 ga Agustan 2005 mahaukaciyar guguwar nan da ake kira Katrina ta afka wa kudancin Amurka. Katangun da ke tare ruwa daga birnin New Orleans suka fashe, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutum fiye da 1,000 suka rasu. Duniya ta ga mutane a kan rufin gidaje suna ɗaga tsumma ko jirgi zai hango su, yawancinsu baƙaƙen fata kuma talakawa. Majami'u a faɗin Amurka suka zama rumbunan tara kaya: ruwan sha, barguna, abincin gwangwani, tufafin jarirai. Ƙasashe suka yi alkawarin miliyoyin daloli. Cikin wannan tarin gudummawa akwai wata 'yar ƙarama da ta taso daga inda ba wanda ya zata.

A gefen Kampala, babban birnin Yuganda, akwai unguwar Kireka. A cikinta akwai wani tudu da 'yan ƙabilar Acholi suka cika, mutanen da suka gudo daga arewacin ƙasar saboda yaƙin 'yan tawayen Joseph Kony. Da yawa daga matan wurin an kashe mazajensu, wasu an sace musu 'ya'ya, kuma da dama suna ɗauke da cutar ƙanjamau. Sana'arsu fasa dutse. Mace ta zauna a ƙasa tun safe, ta miƙe ƙafafu, guduma a hannu, tana mayar da ƙaton dutse tsakuwar gini. Ƙura a ido, tsaga a yatsu, goyo a baya. A wancan lokacin, idan rana ta faɗi, abin da take komawa gida da shi bai fi dala ɗaya da 'yan canji ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wajen masu fasa dutse a ƙasarmu ya san ƙarar nan, ƙwas, ƙwas, wadda ba ta tsayawa sai duhu.

Wadda ke kula da su wata ma'aikaciyar jinya ce, Rose Busingye, 'yar ɗariƙar Katolika, shugabar ƙungiyar Meeting Point International. Ita da kanta takan ba da labarin yadda ta sha wahala da su da farko. Ta samo musu maganin rage kaifin cutar, suka ƙi sha. Ga magani kyauta, ga mutuwa a ƙofa, amma mace ta ajiye ƙwayar ta juya baya. Me ya sa? Domin ba su ga abin da ya rage a rayuwarsu da ya cancanci a tsawaita shi ba. Sai da Rose ta zauna da su, ta riƙa nuna wa kowace cewa darajarta ta fi ciwonta, kafin suka fara haɗiyar magani. Riƙe wannan, mai karatu, don shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya.

Da labarin Katrina ya iso, Rose ta tara su ta ce a yi wa mutanen Amurka addu'a. Kai da ni da mun ce madalla, an yi abin da ya dace. Amma wata daga cikin matan ta tashi ta nuna cewa addu'a kaɗai ba ta ishe su ba. Ta tuna wa Rose cewa lokacin da ta same su a kwance ba addu'a kawai ta yi musu ta tafi ba. Su ma sun san mene ne barin gida da kayan jiki kaɗai. Sun san kwanan waje da yunwar yaro.

Suka koma ramin dutse. Makonni suna fasawa suna ware wani abu daga ɗan abin da suke samu. Mata kimanin 200 suka haɗa kusan dala 900.

Yi lissafin da kanka. Kowace mace ta ba da abin da ya kai ladan wajen kwana huɗu na duƙawa a kan dutse, ga cuta a jiki, ga yara suna jiran tuwo. Manomi na Malumfashi, cire kwana huɗu daga aikinka a tsakiyar damina ka ba wanda ba ka taɓa gani ba, wanda ƙasarsa ta fi kowace ƙasa arziki. Za ka iya? Ni dai na tambayi kaina, kuma amsar ba ta zo mini da sauƙi ba.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. Rose ta ce akwai wani baƙo da ransa ya ɓaci, yana ganin bai kamata a karɓi kuɗin matalauta a kai wa Amurka ba, ai su ya dace a ba. Kada ka yi saurin zarginsa, domin hujjarsa tana da nauyi: ɓarnar Katrina ta haura dala biliyan 100, me dala 900 za ta gyara? Ko rufin gida ɗaya ba za ta yi ba. Sai ɗaya daga cikin matan ta ba shi amsa da cewa zuciyar ɗan Adam ba ta da ƙasa, ba ta da launi. A ganina kuskuren baƙon ɗaya ne. Ya ɗauka alheri ya yi musu da yake son a hana su bayarwa, alhali so yake ya mayar da su inda Rose ta tsamo su, inda mace ba ta da komai sai hannun karɓa.

Mu nan ba baƙin wannan hali ba ne. A ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, inda Hausawa Kirista da Musulmi suke noma kafaɗa da kafaɗa, za ka ga tsohuwa a zumuntar mata ta kwance bakin zane ta jefa baiko, ka ga maƙwabciyarta ta auna tiya ta aika gidan da aka yi rashi. Da ambaliya ta ci garin Jibiya a Yulin 2018, aka rasa rayuka da dama cikin dare ɗaya, duk wanda ke jihar Katsina ya ji zafin. Abin da ya bambanta matan Kireka shi ne nisan da hannunsu ya kai, har ƙetaren teku, wurin mutanen da ba su ma san akwai wata Kireka a duniya ba.

Kuma ba su tsaya nan ba. Daga baya suka shiga naɗe tsofaffin takardu masu launi suna yin duwatsun wuya, aka sayar da dubbai a Turai ta hannun ƙungiyar AVSI ta ƙasar Italiya. Da kuɗin aka taimaka aka gina makarantar sakandare a Kampala, mai suna Luigi Giussani. Yaran da aka goya a bakin ramin dutse, su ne suka shiga azuzuwanta.